Shuɗin Ruwa a Yatsan Indabo

Ni atamfa nake sayarwa. Shekara arba'in ke nan ina wannan sana'a. Na fara da ɗauka a kai ina zaga gidajen Zongo, har Allah ya ba ni rumfa a Rood Woko, babbar kasuwar Wagadugu. Ban taɓa shiga lekol ba, wato makarantar boko. Amma babu wanda ya taɓa sayar mini da atamfa mai zuba sau biyu.

Jikata Indabo a hannuna ta tashi. Shekararta tara lokacin da wannan abu ya faru. Yarinya ce mai tambaya. Tun daga safe har dare bakinta ba ya hutawa.

"Kaka, me ya sa goro yake da ɗaci?"

"Kaka, ina rana take kwana?"

Wani lokaci in amsa. Wani lokaci in ce ta je ta share tsakar gida.

Abu ɗaya na koya mata da kyau, shi ne gwada atamfa. Na ce mata, "In an kawo kaya, kada ki yarda da idonki. Ki jiƙa yatsa da miyau, ki murza bakin atamfar. In launi ya biyo yatsanki, ki mayar musu da abinsu."

Ta iya sosai. Har dillalai suka fara jin tsoronta. In sun hango ta a rumfa sai su ce, "Hajiya, don Allah ki riƙe mana yatsan yarinyar nan."

Wata Talata ta dawo daga lekol da gudu.

"Kaka, gobe malamarmu, Madam Mamunatu, za ta kai mu kallon tablo!"

"Mene ne kuma tablo?"

"Hotuna ne da aka zana da hannu. Na daji, da duwatsu, da ruwa. An rataye su a wani babban ɗaki bayan kasuwa."

"Sayarwa ake yi?"

"A'a, mu kallo kawai za mu yi."

"To dajin ya ƙare ne, da za a je kallonsa a bango?"

"Kai, Kaka!"

"Je ki. Amma ki dawo mini da kayan lekol ɗinki fes."

Abin da ya faru a can ban gani da idona ba. Ita ce ta ba ni labari daga baya, kuma ba ta rage komai ba.

Da suka isa ƙofa, Madam Mamunatu ta tsayar da su a layi. Ta ce, "Hannu a baya, ido a gaba. Kada wanda ya taɓa komai. Kun ji?"

Suka ce, "Wi, Madam!"

Ɗakin yana da faɗi da sanyi. Hotuna sun kewaye bango. Ba a kan takarda aka zana su ba, a kan farin yadi ne, kuma babu gilashi a gabansu.

Wani yaro da ake ce wa Dodo ya tsaya gaban hoton wata gona. Ya ce, "Madam, geron nan ya nuna. Me suke jira? Tsuntsaye za su cinye!"

Kowa ya yi dariya.

Zulai kuwa gaban hoton wasu duwatsu ta tsaya. Ita ce babbar ƙawar Indabo. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu. Babanta Malam Yahuza direban babbar mota ne, daga Nijar suka zo. Zulai ta ce a hankali, "Kamar hanyar garinmu. Sai na ji ina son ganin gwaggona."

Indabo ta yi ta tafiya har ƙarshen ɗakin. A nan ta ga wani hoton da ya tsayar da ita cak. Tafki ne babba, da ciyawa a bakinsa, da dabino uku a nesa. Ruwan shuɗi ne, shuɗi mai zurfi, kamar sabuwar shadda.

Indabo ba ta taɓa fita daga Wagadugu ba. Ruwan rijiya ta sani, ba shi da launi. Ruwan kwata ta sani, baƙi ne. Ta kuma taɓa wucewa ta bakin baraj, tafkin da aka tare a arewacin gari, ta ga ruwansa ja-ja kamar kunu.

Ta ɗaga hannu. "Madam, akwai ruwa shuɗi da gaske?"

Madam tana raba wasu yara biyu da ke faɗa. Ta ce, "An jima, Indabo."

Yara suka wuce ɗaki na gaba. Indabo ta rage ita kaɗai. Ta matsa kusa. Ta ga zaren yadin a ƙarƙashin launin. A ranta ta ce, ai wannan yadi ne. Shuɗin nan na gaske ne ko mai zuba?

Ta san abin da Madam ta ce. Amma hannunta ya riga ya saba. Ta lasa yatsa, ta murza gefen tafkin.

Shuɗin ya biyo yatsanta. A cikin ruwan sai ga wani farin tabo mai tsawon ɗan yatsa.

Ta sake shafawa don ta gyara. Tabon ya ƙara faɗi. Ta cusa hannu cikin aljihu, ta sulale ta shiga cikin sauran yara.

Zulai ba ta ga shigowarta ba. Ta koma baya nemanta. Ta iske babu kowa, sai tabon. Ta sunkuya tana dubawa, tana mamaki.

"Ke! Me kika yi?"

Mai gadin ɗakin ne. Ya kama hannun Zulai ya ɗaga sama. Yatsunta duk shuɗi. Bik ɗinta na rubutu ne yake yoyo tun safe, amma wa zai tsaya jin wannan?

Zulai ta fashe da kuka. "Wallahi ba ni ba ce! Madam, tawada ce!"

Madam Mamunatu ta ji kunya ƙwarai. Ta ba mai gadi haƙuri, ta kwashe yara suka fita. A lekol ta ce wa Zulai, "Ki zauna a gida. Kada ki dawo sai da babanki."

Indabo tana tsaye a wurin. Hannunta yana cikin aljihu. Ba ta ce komai ba.

Da yamma na ji kuka ta bayan katanga. Na leƙa na ce, "Maman Zulai, lafiya?"

Ta ce, "Ina fa lafiya, Inna. Babanta zai dawo daga Lome ranar Juma'a. Kin san halinsa. Tun farko bai so lekol ɗin nan ba, da kyar na shawo kansa. Ya rantse ranar da aka kira shi kan wani laifi, ranar zai cire ta, ya mayar da ita ƙauye."

Na san Malam Yahuza. Mutumin kirki ne, amma in ya faɗi magana ba ya janyewa.

Na juyo na dubi Indabo. Tana zaune bakin murhu. Ba ta yi tambaya ko ɗaya ba tun da ta dawo. Na zuba mata tuwo, ta ci loma biyu ta ture.

Na ce, "Ke, ciwo kike yi?"

"A'a, Kaka."

"Ƙawarki tana kuka, ba za ki je ki gan ta ba?"

"Kaina ne yake ciwo."

"Yanzu kika ce ba ki da ciwo."

Ta tashi ta shige ɗaki. Na ƙyale ta. Na saba jira.

Washegari Alhamis, ba a zuwa lekol. Ranar wanki ce a gidana. Na ɗauko rigar lekol ɗinta, na juya aljihu kamar yadda nake yi kullum. Cikin aljihun ya yi shuɗi.

Na kai hanci. Tawada tana da wari irin na ƙarfe. Wannan ba shi ba ne. Wannan warin shuni ne, irin na marina. Uwata a bakin karofi ta tashi, ba za a ruɗe ni da shuni ba.

"Indabo! Zo nan."

Ta zo tana jan ƙafa.

"Ba ni hannunki."

Ta miƙo na hagu.

"Ɗayan."

Ta wanke yatsan da sabulu har ya yi ja. Amma ƙarƙashin farce yana nan da shuɗinsa.

Na ce, "Ina ji."

Ta durƙusa ta faɗi komai, tana kuka tana shessheƙa. Na bar ta sai da ta gama.

"Me ya sa kika taɓa?"

"So nake in gani ko yana zuba. Ke kika ce kada in yarda da idona."

Maganar ta dake ni. Gaskiya ta faɗa, ni na koya mata. Amma ban bari ta gane ba tukuna.

Na ce, "To, wannan ɗaya. Me ya sa da aka kama Zulai kika yi shiru?"

"Tsoro na ji."

"Ita Zulai daɗi take ji? Gobe ubanta zai dawo. Kin san abin da zai yi?"

"Na sani."

"Share fuskarki. Ɗauko mini mayafina, mai ruwan goro."

"Kaka, ina za mu?"

"Inda kika yi ɓarna."

Muka bar wanki a jiƙe. Muka ratsa ta unguwar Kamsaoghin, masu ƙananan babura, mobilet, suna ta danna mana oda. Ban sake hannunta ba har ƙofar ɗakin.

Mai gadi ya tare mu. Na ce, "Mai hotunan nake nema."

Ya ce, "Yana ciki, amma ransa a ɓace yake."

"Ni ma haka. Matsa."

Mun same shi tsaye gaban hoton tafkin. Dogo ne siriri, da furfura kaɗan a gemu. Sunansa Isiyaku. Mutumin Moshi ne, amma yana jin Hausar kasuwa. Ya gaishe ni da ladabi, ya kira ni Yaaba, wato kaka a harshensu.

Na tura Indabo gaba. "Yi magana. Da ƙarfi."

Ta ce, "Baba, ni ce na ɓata hotonka. Ba Zulai ba ce. Ka yi haƙuri."

Ya dube ta ya daɗe. Ya ce, "Wata biyu na yi ina zana wannan. Tafkin garinmu ne. A bakinsa na yi kiwon awaki ina yaro. Me na yi miki?"

"Ba ka yi mini komai ba. Kyau ya yi mini. Ban taɓa ganin ruwa shuɗi ba. Shi ne na gwada."

"Kika gwada? Yaya?"

Ta nuna masa. Ta kai yatsa baki, ta murza a iska.

Isiyaku ya buɗe ido. Ya dube ni, ya dubi mayafina. Ya ce, "Yaaba, atamfa kike sayarwa?"

"Shekara arba'in."

Ya yi ƙoƙarin riƙe fuska, amma dariya ta ƙwace masa. "Wato an gwada ni kamar kayan dillali!"

Na ce, "An gwada, kuma kayanka yana zuba. Da rumfata aka kawo shi, ba zan karɓa ba."

"Yaaba, ai ba a wanke shi."

"Yadin da ba a ɗaurawa, ba a shimfiɗawa, ba a wankewa. Amfaninsa me?"

Ya ce, "Zo ki gani."

Ban zo kallo ba, amma na bi shi. Ya fara nuna mini hoton wani rumbu a gindin tudu. Na ce, "Wanda ya gina rumbun nan ba shi da hankali. A kwari ya sa shi. Ruwan farko zai shiga."

Ya ce, "Na kawuna ne. Kuma ruwa ya shiga."

Ya nuna mini wani. Fili ne da sararin sama, rabinsa baƙi. Na ce, "Hadarin nan daga gabas yake. Kafin la'asar zai sauka. In akwai mai shanya, ta kwashe."

Indabo ta ce, "Kaka, hoto ne fa."

"Na sani. Yi mini shiru."

Sai muka zo kan na uku. Jar hanya ce doguwa, ta ratsa ciyawa ta shige cikin itatuwa. Kuka ɗaya ce a gefe. Babu mutum, babu dabba. An yi ruwa an ɗauke, ƙasar tana ƙyalli.

Ƙafata ta tsaya.

Ina 'yar shekara shida babana ya tafi da mu kudu sayen goro. A kan jaki aka ɗaure ni, tsakanin huhu biyu. Irin wannan hanyar muka bi kwana da kwanaki. Na manta da ita sarai. Amma a tsaye a ɗakin nan sai na ji ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na ji ƙarar ƙararrawar jakin gaba. Na ji babana yana tari.

Ban san hannuna ya tashi ba, sai da Indabo ta riƙe mini mayafi.

"Kaka, ba a taɓawa."

Na mayar da hannun baya. Na gyara murya. Na ce, "Kukar nan ta yi ƙiba da yawa."

Isiyaku ya ce, "Haka ne, Yaaba." Bai ƙara komai ba. Yaron yana da tarbiyya.

Muka koma gaban tafkin. Na ce masa, "Ni na koya wa yarinyar nan gwada launi. Ban koya mata inda ake gwadawa da inda ba a gwadawa ba. Wannan laifina ne, ka yafe mini. Amma malamarta ta hana, ta ji, ta taɓa. Wannan nata ne. Me za ta yi?"

Indabo ta ɗago kai ta dube ni. Ba ta taɓa jin na ba wani haƙuri ba.

Ya ce, "Gyara zan yi, kuma shuɗina ya ƙare. Sai an niƙa sabo. Aiki ne mai cin hannu."

Na ce, "Tana da hannu biyu."

Ya kai mu bayan ɗakin, ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro. Ya kawo dutsen niƙa ƙarami da dunƙulen shuni. Indabo ta durƙusa ta fara niƙa. Ta niƙa, ya taɓa ya ce da saura. Ta sake niƙa, ya ce da saura. Gumi ya jiƙe mata riga. Ban ce ta huta ba.

Da hannunta ya fara sabawa, sai bakin ya buɗe.

"Baba, jan da me kake yi?"

"Da jar ƙasar bakin hanya."

"Baƙin fa?"

"Gawayi."

"Me yake riƙe su a jikin yadin?"

"Ƙaro. Ina jiƙa shi in gauraya. Shi ya sa ba ya son ruwa, ko na miyau ne."

Na ce, "Ƙaron ne ka cika rowa da shi."

"Yaaba, in ya yi yawa sai launin ya tsattsage."

"To, ka fi ni sani." Ban cika faɗin wannan ba.

Indabo ta tsaya da niƙa. "Baba, in tambaye ka? Ruwan garinku shuɗi ne da gaske, ko dai ka ƙara masa?"

Ya ce, "Wannan tambayar ya kamata ki yi mini jiya. Ina nan a bayan ɗaki. Ruwa ba shi da launin kansa sosai. Da safe, in iska ta kwanta, sai ya ari na sama. Ko baraj ɗinku yana yi."

"Baraj? Ai ja ne!"

"Ƙarƙashin ƙafarki kike dubawa. Ki je da sassafe, ki ba rana baya, ki dubi nesa."

Na ce, "Za mu gani." Ni ma ban yarda ba.

Da shunin ya yi laushi, ya gauraya da ƙaro, ya ɗauki ɗan siririn buroshi ya shiga gyara. Muka tsaya muna kallo, hannu a baya. Ya daɗe. Da ya gama, tabon ya rufe. Amma in ka matsa kusa za ka ga wurin ya ɗan fi sauran duhu.

Ya ce wa Indabo, "Kin gani? Ya gyaru, amma bai koma yadda yake ba."

Ta ce, "Na gani, Baba."

Na ce, "Saura ɗaya. Ka rubuta wa malamarsu takarda. Ka ce ba Zulai ba ce."

Ya rubuta, ya miƙa wa Indabo. Ya kira mai gadi ya faɗa masa. Mai gadi ya sosa ƙeya ya ce, "Ni dai shuɗi na gani."

Ranar Juma'a da safe na raka ta lekol. Ban taɓa taka cikin ajin ba sai ranar. Yara suka miƙe tsaye. Indabo ta ba Madam Mamunatu takardar. Madam ta karanta, ta dube ta.

Na ce, "Takarda ba ta isa ba. A gaban su aka kunyata Zulai. A gaban su za a wanke ta."

Indabo ta juya ta fuskanci aji. Ta ce, "Ni ce na taɓa hoton. Na ga an kama Zulai na yi shiru. Ba ta yi komai ba."

Dodo ne kaɗai ya ce, "Kai!"

Madam ta ce, "Indabo, za ki share aji mako guda. Amma kin yi abin da ya fi shara wuya." Sannan ta juyo gare ni. "Hajiya, ni ma na yi gaggawa. Yarinyar ta ce tawada ce, ban saurara ba. Da an tashi zan je gidansu da kaina."

Ta cika alkawari. Malam Yahuza ya iso kafin sallar Juma'a, ya iske malama zaune a kan tabarmarsa. Ya ji labari daga farko har ƙarshe. Ya dubi 'yarsa ya ce, "Wato ba ki yi ƙarya ba."

Zulai ta ce, "Ban yi ba, Baba."

Ya ce, "Litinin ki koma lekol. Kuma a sayo miki bik da ba ya yoyo."

Uwarta ta saki ajiyar zuciya har ana ji daga gidanmu.

Amma ba a gama ba. Indabo ta je wurin Zulai da yamma. Zulai ta juya mata baya.

"Zulai, ki yi haƙuri."

"Kina tsaye. Kina ganina ina kuka. Ko uffan ba ki ce ba."

"Tsoro na ji."

"Ni fa? Kwana biyu ban yi barci ba. Tafi."

Indabo ta dawo da hawaye. "Kaka, ta ƙi."

Na ce, "Tana da gaskiya. Haƙuri ba a ƙwatarsa. Gobe ki koma."

Asabar ta koma. Zulai ta karɓi gaisuwa, amma ba ta yi murmushi ba.

Ranar Lahadi bayan sallar asuba na ƙwanƙwasa ƙofarsu. Na ce, "Maman Zulai, ara mini 'yarki. Za mu je duba wata magana."

Muka hau koren tasi. Na zauna a tsakiya, ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Kowacce ta juya tana kallon tagarta. Direba ya sauke mu a bakin baraj, rana tana fitowa. Masu lambu sun fara ɗibar ruwa suna ba latas.

Muka dubi ruwan da ke gabanmu. Ja-ja ne kamar kullum.

Na ce, "Na faɗa. Mutumin nan ya ƙara gishiri."

Indabo ta ce, "Kaka, ya ce mu ba rana baya."

Muka bi gefe muka zaga har rana ta koma bayanmu. Iska ta kwanta. Muka ɗaga kai muka dubi nesa.

Zulai ce ta fara magana. "La ilaha! Indabo, duba!"

Daga tsakiyar baraj har can ƙetare, ruwan shuɗi ne. Shuɗi mai haske, da farin gajimare kwance a ciki. Shekara sittin da wani abu ina garin nan. Na wuce ta wurin nan ba adadi, kaya a kaina, idona a ƙasa. Ban taɓa gani ba.

Indabo ta ce, "Kaka, ashe gaskiya ya zana!"

Na ce, "Gaskiya ya zana."

Zulai ta gangara bakin ruwa, ta ɗibo a tafin hannu. Ta duba ta ce, "Amma a hannu babu shuɗin. Ina ya tafi?"

Indabo ta bi ta, ita ma ta ɗibo. Suka haɗa kai suna leƙen tafin hannunsu. Ɗaya ta ce ƙila sai an ɗibo daga tsakiya. Ɗaya ta ce a'a, na sama ne, ba ya ɗibuwa. Gardama ta kaure. Can sai Zulai ta watsa mata ruwan a fuska.

"Wannan na kukan da na yi ne."

Indabo ta share ido. "Ƙara."

Zulai ta ƙara. Sai duk suka fashe da dariya.

Na kira su, na zaunar da su a kan wani dutse. Na ce, "Ku buɗe kunne, ba na maimaita magana. Son sani abu ne mai kyau, kada ku daina. Amma in abin wani ne, da baki ake tambaya, ba da hannu ba. In kuma kun yi laifi, ku faɗa nan take. Kada ku taɓa barin wani ya ɗauki laifinku, ko na minti ɗaya. Indabo, kin ji?"

"Na ji, Kaka."

"Zulai, kin yafe mata?"

"Na yafe, Kaka."

"To, ku tashi. Rumfa ba ta buɗe kanta."

Suka miƙe suka riƙe hannun juna, suka yi gaba. Na ce musu ina zuwa, takalmina ne ya kwance. Takalmina lafiyarsa lau. Na tsaya ne in ƙara kallon ruwan kaɗan.